Muryar Jar Motar Alhaji

Wallahi abin da zan ba ku ya faru da ni, kuma da rana, ido buɗe. Na san 'yan ajinmu za su ce ga shi nan zai fara, don an san ni da ƙara wa labari gishiri, har akwai malamin da ya ce in na ce masa ana ruwa sai ya leƙa taga tukuna. To na yarda. Zan zuba gishirina inda na saba, amma in muka zo wurin da babu wasa zan gaya muku.

Shekara uku ke nan, ina ɗan sha biyar, a gidanmu na Wudil. A ƙarƙashin rumfar ƙofar gida akwai wata tsohuwar mota ja, mai ƙofa biyu da dogon hanci, gajera ce har in ka zauna a ciki sai ka ga kamar a tabarma kake. Ta kakanmu ce, Alhaji, dillalin shanu a kasuwar Kara, Allah Ya jiƙansa. Ku duba fa, mutum mai 'ya'ya tara ya je ya sayo mota mai kujera biyu! An ce da aka tambaye shi dalili sai ya ce ai shi da matarsa Inna ya saya wa, sauran kowa Allah Ya ba shi ƙafa.

Ina da shekara shida ya rasu. Ba na iya tuna fuskarsa sosai sai na kalli hoto, amma ina tuna yana ɗora ni a cinya in zai tayar da motar, ƙarar ta bi ta kujera ta shige min ciki, ina ta dariya kamar ana min cakulkuli. Tun da ya tafi ba a sake tayar da ita ba. Kaji suka mayar da ita akurki, mu kuma muka mayar da ita wurin ɓuya.

Yanzu ga laifina, gara in faɗa tun da wuri. Wani hutu na leƙa ƙarƙashin motar na ga salansarta ta yi tsatsa ta saki, wata 'yar waya ce kawai ke riƙe da ita. Ana cikin haka sai ga mai gwangwan yana wucewa da kurarsa. Ban san lokacin da na fizge ta na kai masa ba. Kwana uku ni da abokaina muna cin awara muna korawa da zoɓo kamar 'ya'yan gwamna, kuma babu wanda ya lura.

Bayan 'yan watanni Baba ya ce zai rushe rumfar ya gina shago, motar kuma a kira 'yan gwangwan su yanka ta su kwashe. Ƙaninsa Baffa Sabo, wanda bakanike ne, garejinsa na bakin titi kusa da gada, ya ce sam ba za a yanka motar mahaifinsu yana raye ba. Gardama ta yi zafi aka tafi gaban Inna, kakarmu, wadda idonta ya riga ya yi rauni amma kunnenta, hmm, in ka buɗe leda can a garin Achika za ta ce wa ke cin abu bai ba ta ba.

Inna ta saurare su ta ce, "Sabo, na ba ka zuwa Juma'a ta sama. In ka tashe ta da muryarta, muryarta fa, ba ta wata ba, a bar ta. In ba haka ba a kwashe, na gaji da zama da gawa a ƙofar gida."

Na ce, "Tsohuwa, mota ce fa, ba mawaƙiya ba."

Ta ce, "Rufe min baki, Maigida, miji marar cefane." Haka take kirana, don sunan Alhaji na ci, ita kuma ba ta faɗin sunan.

Aka tura motar zuwa gareji. Inji bai ba Baffa wahala ba, kwana huɗu ya tashi. Da ya shiga ƙarƙashi ya ga babu salansa sai ya yi salati ya ce Allah Ya isa tsakaninsa da ɓarawon da ya yi wannan aiki. Ni ma na ce amin da ƙarfi, har na fi kowa.

Nan aka shiga zaɓen salansa, kuma jama'a, ashe abin ilimi ne. Baffa ya ce faɗin bututu ke sa murya ta yi kauri ko ta yi siriri, tukunyar da ke jikinsa kuma ita ke tace hayaniya, in ta yi girma mota ta yi laƙwas, in babu ita mota ta zama mahaukaciya. Matsalar ita ce yana ƙarami lokacin da motar ke tashenta, bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba, kuma muryar ta ɓace masa a kai. Ni kaɗai a duniya na san siffar tsohuwar salansar, don ni na ɗauke ta a kafaɗa. Amma in na faɗa, ai na tona kaina.

Ta farko sabuwa ce dal, daga Kano Baffa ya sayo ta. Muka ɗaura, ya tuƙo mu har ƙofar gida, Inna na zaune a zaure. Muka tsaya, muka jira. Can ta ce, "Wai har yanzu ba su iso ba?" Muka ce ai ga mu nan, injin ma yana aiki. Ta ce, "Wannan ai amarya kuka kawo min, ko gaisuwa ba ta iya amsawa. Ku mayar."

Ta biyu ni na zaɓa, kuma har gobe ina alfahari da ita. Na lallaɓa Baffa na ce a cire tukunya gaba ɗaya, a sa ƙaton bututu mai baki biyu, irin yadda samari ke yi wa babura. Da aka tayar, na rantse sai da kwanon garejin ya ɗaga ya dawo. Kifayen kogi suka yi hijira zuwa Gaya. Wani mai rake ya watsar da raken ya ruga masallaci. To wannan gishiri ne, amma maganar gaskiya kazar maƙwabta ta yi sati ba ta yi ƙwai ba. Tun muna kwanar layinmu Inna ta aiko a ce mana kada mu ƙaraso, in yaƙi ne a bari ta yi alwala.

Ta uku ta hannu ce, daga jikin wata tsohuwar mota aka ciro. Inna ta ɗan karkata kai ta saurara, har na fara murna, sai ta ce, "Wannan tari take, a ba ta zuma."

Baffa ya durƙusa a gabanta, gumi na ɗiga. "Inna, don Allah kwatanta min. Yaya take?"

Ta ce, "Kamar bijimi yana kuka a cikin rijiya. Ba ta da tsawa, a ƙirji ake jin ta. Ranar Juma'a in shanu suka cika titi, babanku bai taɓa danna musu oda ba. Da sun ji ta sai su buɗa masa, babu wadda ke firgita. Shi ya zauna da mai walda suka haɗa abarsa, don kada ya tarwatsa wa Fulani dukiya." Ta gyara zama. "Ranar da ya fara kai ni Indabo a cikinta, tun daga nesa mutanen garinmu suka fito, suna cewa hadari ne ya taso ba gajimare."

Na ga ta sa gefen mayafi ta goge ido. Daren nan ko tuwo ban iya gamawa ba, ni da nake cin malmala uku.

Juma'a ta zo. Baba ya riga ya gaya wa 'yan gwangwan su zo da safiyar Asabar. Bayan la'asar muna gareji ni da Baffa, motar na kan duwatsu, babu salansa a jikinta, batir ɗinta ma an ara an sa wa wata motar. Salansa uku na zube a ƙasa, Baffa ya zuba musu ido ya rafka tagumi. Kasuwa ta fara watsewa, wani garke ya cika titi daga bakin gada har gabanmu, Fulani biyu na binsa da sanduna.

To daga nan babu gishiri. Wallahi tallahi babu.

Sai muka ji ta. Daga can ƙetaren gada, ƙasa-ƙasa, kamar ana buga babban ganga a cikin ɗaki. Kafin kunnena ya gane, cikina ya gane, cakulkulin nan na cinyar Alhaji ya dawo min sak. Baffa ya miƙe a hankali, sifana ta faɗi daga hannunsa. Ƙarar ta hau gada, muka ji an sauya giya, ta sauko tana matsowa. Na leƙa titi. Babu mota. Babu ko babur, don shanu sun tare hanya, duk masu abin hawa sun tsaya can baya.

Sai shanun suka ɗaga kai, suka fara rabewa biyu. Ba gudu, ba tunkuɗa, waɗannan suka yi dama waɗannan suka yi hagu, suka bar fili a tsakiya daidai faɗin ƙaramar mota. Filin nan ya riƙa tafiya a cikin garken, yana buɗewa ta gaba yana rufewa ta baya, ya zo ya wuce ta gabanmu, har na ji kwanon da na jingina da shi yana rawa. Ɗaya Bafulatanin, dattijo, ya ja da baya ya ɗaga sandarsa sama kamar mai gaisuwa. Ƙarar ta yi kwana wajen layinmu, ta yi nisa, ta ɓace.

Kada ku tambaye ni me ya sa ban ɗauka a waya ba. Wayar na wurin mai caji, kuma ko tana hannuna, hannun ba ya aiki.

Baffa ya daɗe yana salati. Da ya dawo hayyacinsa, bakanike dai bakanike ne, sai ya ce, "Ka ji? Wannan ba tukunya ɗaya ba ce. Akwai wata a gaba da ke tausasa ta. Amma wannan ɗan gurnanin na ƙarshe, ban san daga ina yake fita ba."

Ni kuma sai na ji bakina yana magana ba da izinina ba. "Biyu ne, Baffa. Doguwa siririya a tsakiya, ƙatuwa a baya. Ta bayan an yi mata faci da ƙarfen garwa, da huji uku a ƙasa, kowanne ɗan yatsana na shiga."

Ya juyo ya dube ni. "Kai a ina ka sani?"

"Ni ne ɓarawon da ka yi wa Allah Ya isa."

Na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji ya kama kunnena ya murɗa har na hango Kano, ya ce, "Ɗan banza, har da cewa amin! Za mu yi wannan shari'ar daga baya. Ruga ka kira min mai walda."

Aka yanka ta farko aka ɗauki tukunyarta, aka ciro siririyar daga ta uku, ni ina nuna tsawo da hannu, a nan ta lanƙwasa, a nan facin yake. Baffa ya huda huji ukun da kansa. Aka dawo da batir. Da ya murɗa makulli ta tashi, muka shiga muka kama hanya rana na shirin faɗuwa.

Mun tarar da ƙofar gida a buɗe, Inna na zaune a bakin zaure da sabon mayafi, tana ƙamshin turare. Baba na tsaye a gefenta. Baffa ya kashe mota muka fito muka durƙusa.

Ta ce, "Kun makara. Ai ɗazu bayan la'asar ta zo. Ta tsaya a nan, aka taka mata totur sau biyu yadda babanku ya saba in yana so a buɗe masa. Na sa yara suka buɗe, suka ce ba kowa."

Na dubi Baba, mutumin da ko maganin sauro ba ya yarda da shi sai ya ga gawar sauron. Ya kawar da kai. Daga baya Umma ta gaya min yana cikin ɗaki ya ji, ya zabura ya miƙe tsaye yana gyara hula, kamar yadda yake yi yana saurayi in mahaifinsa ya dawo.

Baffa ya ce, "To Inna, tamu fa?"

Ta ce, "Sake tayarwa." Ya tayar. Ta miƙo hannu na kama ta na kai ta, ta dafa jikin motar da tafinta, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Ta ɗazu ta fi taku kauri kaɗan. Amma 'yar gidan ce. A bar ta."

Baba ya aika wa 'yan gwangwan kada su zo. Shagon dai a wancan gefen aka gina shi.

Na san wanda ya tafi ya tafi, haka aka koya mana kuma haka na yarda. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce in yi ta addu'a in bar bincike. Wani abokina ya ce wata babbar mota ce a nesa iska ta kawo ƙararta. Na ce to, shanun kuma iska ce ta raba su?

Bana Baffa ya koya min tuƙi, kuma ranar Juma'a nakan ɗauki Inna mu zaga, tana zagina wai ina tuƙi kamar mai tallan kifi. Sai dai wani lokaci in mun hau gada nakan ji ƙarar ta zama biyu, tamu da wata a bayanmu, mai ɗan kauri kaɗan. Ba na duba madubi. Inna kuma takan daina zagin, ta gyara mayafi.

Shawarata gare ku, tsofaffin gidanku in suna kwatanta muku yadda wani abu yake a da, ku ajiye waya ku saurara, wata rana ku za a tambaya. In kuma kun zo Wudil ranar kasuwa kuka ga shanu sun buɗa hanya ba kowa a ciki, kada ku ce kun samu fili ku kutsa. Ku dakata a gefe, ku bari a wuce.