Saƙon Lyon

A sanyinta na biyu a La Courneuve, nan gefen birnin Paris, matata ta daina buɗe labule. In fita aiki da duhu, in dawo da duhu, in tarar da ita inda na bar ta, tana sauraron muryoyin 'yan'uwanta na Maraɗi a waya. Wata rana ta ce mini, ba faɗa ba hayaniya, idan sanyin bana ya wuce tana so ta koma gida. Na kuwa san matar nan ba ta magana biyu.

Sai na ƙulla dabara. Hutun ƙarshen shekara zan ɗauke ta a mota mu je Lyon, mu biyu rak, ba ta babban titin da kowa ke sheƙa gudu ba, ta tsohuwar hanyar nan mai lamba bakwai da Turawa ke bi zuwa bakin teku tun zamanin kakanninsu. Na sa wa motar tayoyin sanyi. Na tsara mu kwana a Nevers, mu ci abinci a Roanne, in Allah ya so ta ga ƙanƙara kwance kan tuddai kafin mu gangara Lyon. Da na nuna mata, ta ce to. To ɗin nan na riƙe hannu biyu.

Bakina ne ya ja mini. Bayan sallar Juma'a a Saint-Denis na tambayi wani malam ɗan Tawa ko hanyar tana da santsi. Ashe na yi shela ke nan. A wurinmu mai tafiya ɗan aike ne, ko ya so ko ya ƙi. Kafin Lahadi an fara buga mana ƙofa. Kilishi, yaji, garin kunu, turamen atamfa. Mutanen da ban taɓa sanin muna da su a ƙasar nan ba suka yi ta hawowa bene, kowa da ƙunshinsa da doguwar gaisuwarsa. Wani bawan Allah ya kawo keken ɗinki, yana rantse mini ba shi da nauyi. Na tsaya baki buɗe ina kallon falona ya koma tashar mota.

Ana gobe tafiya wata dattijuwa 'yar Damagaram ta iso da sandarta. 'Yarta ce ta haihu a Lyon.

"Ɗana," in ji Hajiya, "an ce akwai wuri a baya. Ni ce saƙon."

Wa zai dubi uwa ya ce a'a? Ta kuma ƙara da cewa ita ba ta kwana a otel, sai dai mu miƙe. Nan kwanan Nevers ya sha ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kasa haɗa ido da matata. Ita kuwa sai dafa shayi take tana dariya da baƙi. Na ɗauka kara ce kawai take yi mini.

Da safe na ga ta jawo babban akwatinta, wanda ta zo da shi daga gida. Na ce mata motar ta cika, kuma mene ne na wannan kaya haka. Ta ce sun gama magana da Hajiya: mai jegon ba ta da mai dafa mata ruwan wanka, tsohuwa kuma ba ƙarfi, don haka za ta zauna can sai an yi arba'in.

Na ce, "Ni fa? Duk shirin nan don ke na yi shi."

Ta ce, "Na sani, Allah ya saka. Amma can in na yi magana da rana, akwai mai amsa mini."

Na ɗauki akwatin na sauka bene, ina neman inda zan cusa shi.