Gado a Kan Gwangwanaye

A gidan hayarmu ba mai kiran ta da sunanta. Mai Gwangwani muke ce mata, tun ana faɗi a bayan ido har ta fara amsawa. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nata, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Shara da goge-goge take yi a wata makaranta. Mijinta direban babbar mota ne a da, kafin ciwon suga ya kwantar da shi. Ita ta fara gane ciwon tun yana da ƙarfinsa: duk inda ya yi fitsari sai kiyashi su yi dandazo a wurin. Ta ce ya je a auna shi, ya yi dariya ya ce, "To uwargida, yanzu kuma kiyashi ne likitanki?" Bai je ba sai da yatsan ƙafarsa ya yi baƙi. Aka yanke ƙafar hagu daga gwiwa. Ta dama ta saura da gyambo a dunduniya, kuma ko allura ka caka masa a cikinta ba ya ji. Wannan ƙafar matar nan ke gadi, don da ita yake dogarawa ya kai kansa banɗaki ba tare da an ɗauke shi ba.

Ta san ƙwarin gidan fiye da yadda mai gidan ya san 'yan hayarsa. Tururuwa, in ji ta, ɓarauniyar hatsi ce, ba ruwanta da mutum. Cinnaka bai san na gida ba, amma in ya cije ka ai za ka sani. Kiyashi, jajayen 'yan mitsi-mitsin nan, su ne abokan gabarta, don zaƙi da maiƙo da ruwan ciwo duk nasu ne. In ta ga layinsu ba ta murje su. Bin su take yi a durƙushe har bakin ramin, ta toshe da siminti, ta wanke hanyar da ruwan sabulu don na baya su ɓata. Kwano ba ya wuni da dauɗa a ɗakinta. Gadon kuwa ta janye shi daga bango, ta tsoma kowace ƙafarsa a gwangwanin madara cike da ruwa, ta cusa zanin gado ƙarƙashin katifa tsaf don kada gefe ɗaya ya taɓa ƙasa. Mu kuma muna tsokanarta wai ban-ruwa take wa gadon ko zai tsiro.

Ana haka yayar mijin ta zo dubiya daga nesa. Ba zan ce muguwa ce ba, don da ta gan shi kuka ta yi sosai. Irin mutanen nan ne dai da ba sa tambayar dalili.

"Haba! Ƙanena ne a kan gwangwanaye?" ta ce. "In baƙi suka shigo fa?"

"Yaya, don Allah ki bar su, maganin kiyashi ne," in ji Mai Gwangwani.

"To, na bari."

Ta kuwa bari, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Sai dai washegari, bayan matar ta tafi aiki, yayar ta fito da tsarabarta, wani ƙaton sabon bargo mai geza. Ta lulluɓe ƙanenta, ta saki gefunan har ƙasa don su rufe gwangwanayen nan da suka tsone mata ido. Ta yi masa addu'a ta nufi tasha hankalinta kwance. Shi kuma ya ji ɗumi ya yi barci.

Da yamma na ji bokiti ya faɗi a ɗakinsu, na shiga da gudu. Kiyashi ne ke hawa gezar bargon a jere kamar zaren ɗinki. Mai Gwangwani ta yaye bargon. Bandejin da ta naɗa wa gyambon fari da safe ya koma ja yana motsi, wasu sun riga sun shige ciki. Mijin ya buɗe ido ya yi mata murmushi.

"Sannu da aiki. Kin ga bargon da Yaya ta kawo? Ɗumi gare shi."

A asibiti likita ya ce ciwon dama ya riga ya ci ciki, da kiyashi da babu. Wataƙila gaskiya ne, amma ita ba ta taɓa yarda ba. Kafin wata ya ƙare aka yanke ƙafar. Har yau in yayar ta bugo waya tana tambaya ko bargon na amfani, raina ɓaci yake yi, ita kuwa sai ta ce, "Yana yi, Yaya, an gode."

Tana nan tana cika gwangwanayenta kowace safiya, ba wanda ya ƙara tsokanarta. Abin da ke karya min zuciya shi ne, lokacin da yake da ƙafar bai ji komai ba, yanzu da babu ita yake ji. Ina tsakar gida ina wanki sai in ji muryarsa.

"Uwargida, zo ki duba min dunduniya. Wallahi suna tafiya a kai."

Sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta ɗaga zanin, ta shafa katifar a inda babu komai.

"Na kakkaɓe su," ta ce. "Kwanta."