Malama Mu'minatu da Injin Awon Zuciya

Kullum da hantsi Malama Mu'minatu takan yaye ƙyallen da ke rufe injin awon zuciya a asibitinmu na Dutse, ta goge wayoyinsa, ta ajiye ruwan ɗumi a gefen gado. Injin yana ɗaukar lantarkin da zuciya ke fitarwa, kwamfutar cikinsa ta auna tazarar bugu da bugu, in ta ga tsallake ko gaggawa ta nuna.

Abokin aikinta Malam Idirisu aka tura Kano ya koyo injin nan, shi ya rungumo shi a mota har Dutse. Da shari'a ta zo aka ce mace ta riƙa auna mata, sai ya koya wa Malama, rabin aikinsa ya koma hannunta. Bai so ba, bai kuma ɓoye ba.

Matanmu na ƙauye ba sa zuwa asibiti sai sun shafa man kaɗanya sun yi fes. Wayoyi su ƙi kama fata, ga kunya na sa jiki rawa, kwamfuta ta ɗauka zuciya ce ta rikice, ta laƙaba wa lafiyayya ciwo. Malama kuwa sai ta wanke man, ta ja hirar gero da jikoki har jiki ya saki. Daga Miga har Aujara aka koma cewa injin Mu'minatu. In Idirisu ya ji, ko shayinsa ba ya iya shanyewa.

Ana haka jiri ya fara kayar da mahaifiyarsa Adda. Ya shirya injin da kansa, yana murna yau dai nasa ne. Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Wajen mai injin na zo, ɗan nan. Jira a waje."

Ya tsaya a bakin ƙofa, kishi da tsoro suna cinsa. Da Malama ta auna ta, injin ya kama bugun da ke tsallake, likita ya tura ta Kano, ga ta nan da ranta.

Ke ce, Malama, mai kwantar da jiki kafin a tambayi zuciya. Yau da kike ajiye aiki, mun gode, Allah Ya saka. Masu tasowa, ku koyi hirar nan tata kafin ku taɓa waya.

A wajen bankwanan ɗazu aka matsa wa Idirisu ya yi magana. Ya miƙe da ƙyar ya ce, "Har gobe ina jin haushinki. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, ranar da tawa zuciyar ta rikice, ba ke za ki auna ni ba."