Sashe na Goma Sha Huɗu

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi tana buga takardu a majalisar dokoki, a wani ɗaki can ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru. Da tafireta ta fara, da aka kawo kwamfuta ta koya wa kanta. Wani ɗan majalisa ne ya laƙaba mata Gwaggo. Shi ya sha kaye a zaɓe tun tuni, sunan kuwa ya zauna daram. Mijinta direban bas ne da ciwon baya ya zaunar a gida, 'ya'yansu huɗu, biyu na makaranta.

Aikinta fitar da kwafi mai tsabta. In 'yan majalisa sun gama cacar baki a kan ƙudurin doka, sai a kawo mata takardar ta sha jan biro, nan an soke, can an ja kibiya, ita kuma ta mayar da ita abin karantawa. Ta san rubutun kowa, har na waɗanda su kansu ba sa iya karanta nasu. Ba ta taɓa ƙara ɗigo ko ta rage ba, kuma tana ji da wannan.

Sai dai duk shekarun nan a wucin gadi take. Nan da wata biyar za ta cika sittin, kuma ɗan wucin gadi in ya cika sittin, sallama ce kawai da godiya, babu fansho.

Shi ya sa ranar da ƙudurin gyaran aikin gwamnati ya zo teburinta, ta karanta sashe na goma sha huɗu sau uku. Duk wanda ya shekara goma a wucin gadi, za a tabbatar da shi a aiki. Ta gaya wa maigidanta, ta gaya wa Baba mai shara, abokin hirarta, wanda ya riga ta fara aiki a majalisar da shekara huɗu, shi ma a wucin gadi.

Jam'iyya mai rinjaye ce ta kawo ƙudurin, amma rinjayen nata bai taka kara ya karya ba, ga shi gida ya rabu. Mutum bakwai suka ce gwamnati ba za ta iya ɗaukar ma'aikata masu yawa haka ba, a cire sashen ko su juya baya. Wasu suka rantse in aka cire, su ma ba za su ɗaga hannu ba. Kwana uku suna kulle a ɗakin da ke jikin nata, tana jin bugun tebur ta bango. Shayi dai ya sha wuya.

Ranar Alhamis bayan la'asar, mai tsawatarwa na jam'iyyar, wanda aikinsa ya tattaro kawunansu wuri ɗaya, ya shigo da kansa, muryarsa duk ta dishe.

"Gwaggo, an daidaita. Gyara ɗaya ne, a shafi na tara. A fitar mana yau, gobe ƙuri'a."

Ta buɗe. An soke "goma", an rubuta "ashirin" a sama.

"Ranka ya daɗe, ashirin?"

"Da ƙyar ma muka samu hakan. Ko ashirin, ko ƙudurin ya mutu gaba ɗaya, kowa ya tashi a tutar babu. Ai ke kin wuce ashirin, ko?"

"Sha tara nake. Kafin in cika, an sallame ni."

Ya sosa ƙeya. Ba mugun mutum ba ne, shi ma goma ya so.

"Wallahi ban sani ba, Gwaggo. Amma in na koma musu da wannan takarda, sai an sake sabon lale."

Ya fita. Ta zauna ta zuba wa allon kwamfutar ido, ranta ya ɓaci ƙwarai. Shafi tamanin ne, kuma ta fi kowa sanin cewa babu mai karanta kwafi mai tsabta, sun yarda da ita. In ta bar "goma" a inda take, sai an sa hannu kafin wani ya farga. Ta daɗe hannunta na kan cinya. Daga nan ta goge, ta buga "ashirin", ta bi shafin layi-layi kamar kullum, ta fitar da kwafi arba'in.

Washegari jam'iyya ta ɗaga hannu baki ɗaya, ƙuduri ya wuce. Waɗanda jiya suke nuna wa juna yatsa suka rungumi juna gaban masu ɗaukar hoto.

Baba mai shara ya leƙo ɗakinta da tsintsiya a hannu.

"Gwaggo, na ji tafi. Tamu ta wuce?"

"Ta wuce, Baba. Ka kawo takardunka Litinin in cika maka fom."

Ya ajiye tsintsiyar, ya share ido da bakin riga.

"Alhamdu lillahi! To, mu kai tare da naki."

"Kawo naka dai," in ji ta, ta jawo takardar da ke jiran bugu.