Mama Roda Mai Tsaron Ƙofa Biyu

Kafin motar farko ta sauke buhunan masara a kasuwarmu ta mako, wadda ke kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, Mama Roda ta riga ta yi sawu shida a rijiya. Ta cika randa biyu na makewayin kasuwar, ɗaya a ƙofar maza, ɗaya a ƙofar mata. Ta share ciki da waje tun kowa bai iso ba, ta barbaɗa toka a bakin kowane rami, ta jera butoci a gindin katanga, ta ajiye guntun sabulun salo a cikin sakaina. Sannan ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta gyara ɗaurin kallabi, ta zauna kan 'yar kujerarta a inuwar bedi. Haka take yi tun shekarar 1973. Wannan watan za ta miƙa makulli, don gwiwoyi sun ce sun gaji.

Na san akwai masu yamutsa fuska, su ce a rasa wanda za a yi wa jinjina sai mai gadin bayan gida. To, ku yamutsa. Amma wane ne a cikinmu bai taɓa cin ɗanwake da yaji a kasuwar nan ba, bayan awa guda ya zo yana tafiya a hankali, yana gaishe ta da ladabin da ko surukarsa ba ya yi wa? Alhazai sun zo, malaman makaranta sun zo, direbobi kuwa ba a magana. Ba ta taɓa tona wa kowa asiri ba.

Roda 'yar wani ƙauye ce kusa da Kafur. Ta yi shekaru tana shara a ɗakin shan magani na mishan, can ta koyi cewa ruwa da toka suna korar ciwon da allura ke wahalar korewa. Da mijinta Abraham ya rasu, aka ce ana neman mai kula da sabon makewayin kasuwa, kowa ya noƙe, ita ta ce a ba ta. Waɗanda suka gina wurin sun yi ƙofa biyu, ta maza da ta mata, suka karkaɗe hannu suka tafi. Ba wanda ya tuna da uban da zai zo riƙe da hannun 'yarsa ƙarama.

Irin wannan uban ne Maharazu, manomi daga wajen Bakori, mai kasa dawa da barkono ranar kasuwa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya mai shekara huɗu, Sabuwa. Ranar jana'iza wata mata ta kama hannun yarinyar ta kai ta gidan maƙwabta, ta kwana biyu ba ta ga uwa ba, ba ta ga uba ba. Tun daga ranar, duk macen da ta miƙo mata hannu sai ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame ƙafar ubanta. Dole ya riƙa zuwa da ita kasuwa.

Ga shi kuma 'yar fari ce. Kowa ya san alkunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari a ƙasar nan: ba ya kiran sunansa, ba ya nuna yana so, in ana yabonsa ma sai ya kau da kai. Maharazu bai taɓa furta sunan yarinyar ba. "Ke" yake cewa, in kuma da wani yake magana ya ce "waccan".

Ranar da Mama Roda ta fara ganinsu, ta hango shi ya tsaya tsakanin ƙofofin nan biyu kamar wanda ya manta hanyar gida. Yarinya tana matse ƙafafu tana jan rigarsa. Ya dubi ƙofar maza, manya suna shiga suna fita suna gyara tazuge, ya girgiza kai. Ya dubi ta mata, ya sunkuyar da kai. Ya dubi bayan katanga, ya tuna duba-gari yana zagayawa. Kafin ya gama shawara, abin da ake gudu ya faru, ruwa ya biyo ƙafar yarinya, wasu samari masu dako suka kwashe da dariya.

Mama Roda ta miƙe. Ba ta dubi uban ba, samarin ta duba.

"Kai mai jar hula, makon jiya wa ya ara maka zani ka ɗaura har wandonka ya bushe? In faɗa?"

Dariya ta mutu nan take. Ta juya wajen yarinyar, amma ba ta miƙa mata hannu ba, don ta ga yadda ta maƙale a ƙafar ubanta. Sai ta durƙusa ta tura mata buta.

"Riƙe mini wannan, 'yar nan, ta yi mini nauyi. Malam, kai kuma je ka tsaya gindin bedin can, ka ba ƙofar mata baya. Kada ka yi shiru. Yi ta tari, ko ka yi ta lissafin barkono da ƙarfi, ita dai ta ji kana nan."

Haka aka yi. Maharazu ya tsaya yana gyaran murya kamar mai mura, yarinya ta bi butar ta shiga, Mama Roda ta wanke ta, ta kwance kallabinta ta ɗaura mata. Daga ranar abin ya zama tsari. Duk mako sai ka ga ƙaton mutum a gindin bedi ya juya baya yana tari, Mama Roda kuma ta sa ƙafa ta tokare ƙyaure, don ramin na manya ne, bakinsa ya fi ƙarfin yaro.

Labarin fitsarin nan bai kwana a kasuwa ba. Ya kai garin Dayi, har kunnen Inno, yayar Maharazu. Ta aiko cewa abin ya isa haka, namiji ba ya rainon 'ya mace, da zarar ruwa ya zauna noma ya kankama za ta zo ta ɗauki yarinya ta riƙe. Inno ba muguwa ba ce, gaskiyarta take gani. Maharazu kuwa ba shi da bakin da zai ce wa yayarsa a'a, balle a kan 'yar fari. In ya ce yana so a bar masa ita, ya yi rashin kunya. In ya yi shiru, ya koma gida shi kaɗai, ɗakin da ya rasa mata ya kuma rasa 'ya.

Mama Roda ta sani, don mutum ba ya tsayawa yana tari wata biyar saboda abin da ba ya so. Ta taɓa ce masa, "Malam, ka faɗa wa yayarka mana." Ya ce, "Haba Mama, a ji ni da wannan magana?"

Ranar ta zo a tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, kasuwa duk caɓi. Inno ta iso da ƙullin kayan yarinyar a hannu, motar Malumfashi tana lodi, yaron mota yana ta kira. Sabuwa ta dubi ƙullin, ta dubi ubanta, ta ce za ta zaga. Suka zo su uku. Maharazu ya tafi gindin bedi ya juya baya, amma yau ko tarin ya kasa. Mama Roda ta shigar da yarinya, sai tausayin uban ya ɗauke mata hankali, ta waiwaya tana dubansa. Waiwayen nan ne kuskurenta, kuma har yau in ta tuna sai ta dafe ƙirji. Ƙyaure ya rufe, ta ji ƙarar sakata daga ciki.

"Wayyo Allah! Sabuwa, buɗe!"

Inno ta zo ta buga, ta yi lallashi, ta yi alkawarin alewa, ta koma faɗa. Abin da ake ji kawai shessheƙa ce. Wani direba ya ce a ba shi wuri ya ɓalle ƙofar da ƙafa ɗaya, Mama Roda ta tare shi da jikinta.

"Ciki take buɗewa! Ka buge ta, ina za ta faɗa? Daɓen nan santsi ne yau, ramin kuma yana bayanta."

Maharazu ya juyo, ya yi taku biyu zai faɗa ƙofar mata, ya tuna akwai matan mutane a ciki, ya ja ya tsaya. Mama Roda ta ɗaga murya ta ce, "Mata, a kimtsa, uba zai matso bayan katanga!" Ta ja shi ta zagaya da shi ta waje, inda akwai 'yar kafar shan iska can sama.

"Yi mata magana."

"Ke!" in ji Maharazu. "Ke, buɗe ƙofar nan!"

Shessheƙar ta ƙaru, aka ji ƙafa ta zame a kan daɓe. Inno ta ɗora hannu a ka.

Mama Roda ta dube shi ido cikin ido. "Malam, mu nawa ne 'ke' a wurin nan? Ni ke ce, yayarka ke ce, mai tallan ƙosai can ma ke ce. Yarinyar nan tana so ta san ko tana da uba. Kira sunanta."

"Mama, a gaban Yaya? A gaban jama'a?"

"Kunyarka za ta shiga rami ta fito da ita?"

Ya dubi Inno, ya dubi mutanen da suka taru har da masu awon hatsi da suka bar buhunansu. Ya dafa katanga da hannu biyu, ya ɗaga kai wajen kafar.

"Sabuwa."

Kukan ya tsaya cak.

"Sabuwa, ni ne Babanki. Tsaya inda kike, kada ki ja baya. Ba inda za ki. Gida za mu koma, ni da ke."

Waɗanda suke wurin sun ce ba a daɗe ba, amma Mama Roda ta ce ita a wurinta ya kai shekara. Sai aka ji sakata tana motsi a hankali. Ƙyaure ya buɗe, yarinya ta fito da buta a hannu, ta wuce Mama Roda, ta wuce Inno, ta zagaya katanga ta ƙanƙame ƙafar ubanta. Shi kuma, a gaban kasuwa duka, ya sunkuya ya ɗauke ta.

Inno ta share ido da bakin gyale. Ta miƙa masa ƙullin kayan ta ce, "Maharazu, da ka faɗa mini tun farko, da ban ɓata kuɗin mota ba. Amma in na zo na tarar da kanta ba kitso, ni da kai ne."

Mama Roda ba ta bar abin nan ya tsaya a labari ba. Kafin kasuwa ta zagayo ta sa Maharazu da wasu magidanta uku sun haƙa ɗan rami mai ƙaramin baki a ƙarshen ginin, aka kewaye da zana gajera, ba ƙyaure, ba sakata. Yaro yana ciki yana hango hular ubansa, uba kuma ya ba da baya yana magana. Ta kafa dokokinta, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Uba ba ya leƙa ɓangaren mata ko da 'yarsa ce a ciki. In dole ta sa ya shiga na maza da ɗan yaro, sai ya yi gyaran murya daga ƙofa ya ce akwai yaro, a ba mutane damar suturtawa. Kuma ba mai tafiya sai ya wanke hannun ɗansa da sabulu tana kallo. Wani Alhaji ya taɓa ce mata shi yana sauri, ta ce, "Ranka ya daɗe, gudawa ta fi ka sauri."

Mama Roda, ke ce kika ga ƙofar da magina suka manta. Ke ce wadda mutane suka ƙi ci a kwano ɗaya da ke, amma suka damƙa miki 'ya'yansu. Coci kike zuwa ranar Lahadi, amma butocin alwalar kasuwar nan ba su taɓa bushewa a hannunki ba. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, ba ki kuma nema ba.

Makon jiya ne kasuwarta ta ƙarshe. Ba a yi taro ba, amma iyaye maza suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani da tiyar gero, wani da kaza. Da la'asar Maharazu ya iso, gemu ya yi fari, tare da Sabuwa, wadda yanzu malama ce a makarantar firamare. Ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, "Mama, sau ɗaya tak na taɓa jin sunana a bakin Baba, ta kafar katangarki. Shi nake riƙe da shi har yau."

Mama Roda ta yi dariya har da hawaye. Ta dafa kujera za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Ta ce, "Malam, ce wa 'yarka ta zo ta kama ni."

Maharazu ya ce, "Ke..."

Tsohuwa ta ɗago kai ta zuba masa ido, irin kallon nan na shekara goma sha biyar da suka wuce. Ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa.

"Sabuwa, kama Mama."

Mun gode, Mama Roda. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya saka miki da alheri. Wanda zai karɓi makullinki, ya riƙa duba uban da ya tsaya tsakanin ƙofa biyu, ya tashi tun kafin samari su yi dariya. Ku kuma iyaye maza, in kun tsaya gindin bedin nan kun ba da baya, kada ku yi shiru. Akwai mai sauraro a bayan zana.