Tabarmar da Inna Ta Rufa wa Kilim

Shekarar da hawan jini ya kama Inna, yayana ya ɗauko ta daga Kona zuwa gidansa a Tasawa, ya ce a sa mata kilim, na'urar sanyaya ɗaki, saboda zafin bazara. Gyaran firiji da kilim ne sana'ata, don haka ni na je Maradi na zaɓo na hannu, ni na ɗaura shi, mai hura sanyin a ɗaki, injin a waje. Kwana huɗu ya yi lafiya, sai ya tsiri sabon hali: da safe sanyi, rana na take tsaka ya ɗauke.

Yaya ma'aikacin gwamnati ne. Bai san komai game da inji ba, amma bai taɓa rasa ta cewa ba.

"Kwamfiresan ya ƙone," in ji shi. "An cuce ka. Gobe zan kira wani."

Maganar ta ƙona mini rai. A garin da kowa ya san kowa, in ɗan'uwanka ya kira wani mai gyara, wa zai sake kiranka?

Na yi sammako da na'urar awona. Na kashe wuta, na buɗe murfi, na auna ƙafafun wuta ukun kwamfiresan, zuciyar injin, biyu-biyu. Ƙananan awo biyun suka haɗu suka ba da babban, yadda ake so. Na gwada kowace ƙafa da jikin ƙarfen, babu inda wuta ke zurarewa. Na kunna, ya tashi garau. To ina ciwon?

Na ƙi tafiya, na samu inuwa na zauna. Dab da azahar sai ga Inna da tsohuwar tabarma da bargo. Ta lulluɓe injin da ke waje ruf, har da danne shi da dutse.

"Inna, mi kike yi haka?"

"Ba ka jin shi yana nishi? Ko jaki ba a bari nai cikin wannan rana. Da la'asar ina kwashewa."

Na yi dariya har da hawaye. Ashe iska ake toshe masa, ya yi zafi ya kashe kansa don kar ya ƙone.

Yaya bai ba ni haƙuri ba, ya dai daina zancen kiran wani. Inna kuwa ba ta yarda ta ajiye tabarmar ba sai da na kafa wa injin rumfar zana, can sama yadda iska za ta ratsa.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kilim ɗin na nan yana aiki, kuma duk bazara ni ke zuwa in sake masa zana.