Hannun da Irmiya Ya Ɗaga

Ranar da ruwan farko ya sauka a bara, ina zaune a rumfar Irmiya mai faci. Ruwan yana dukan kwanon rufi har ba na jin tarin kaina, aka kuma yi wata tsawa da ta sa awaki suka watse. Irmiya bai ko ɗago ba, yana ta goga tif da ƙarfe. Ga na'ura maƙale bayan kunnensa. A nan na gane abokina ba ya jin komai.

Shekara talatin muna maƙwabtaka a Kontagora, ni da tasbahata, shi da cocinsa. Sanƙarau ne ya ɗauke masa ji, shekara guda bayan rasuwar matarsa Salome. Masu kekuna da babura suka gaji da yi masa magana da hannu, suka koma wajen wani. 'Yarsa Hannah, mai aikin jinya a Abuja, ita ta yi ta faɗi-tashi har aka yi masa aiki, aka dasa masa abin ji a cikin kai.

To, bayan aikin sai an saita na'urar. Likita ya ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Hannah tana tsaye tana kallonsa, idonta cike da ƙwalla. Shi kuwa a tarbiyyar da ya tashi, wanda ya yi maka alheri ba ka ce masa bai isa ba. Da ya ga yatsan likita ya motsa sai ya ɗaga hannu. Aka saita abin ƙasa-ƙasa, aka ce an dace. Wata takwas yana gyaɗa wa mutane kai.

Da ruwa ya tsagaita na nuna kunnena, na girgiza kai. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, “Malam Mahmudu, kada yarinyar nan ta sani. Ta wahala.”

Kwana uku ina juya maganar. Na huɗu na sa aka kira min Hannah a waya, na faɗa mata gaskiya. Ta ce in taimaka in rako shi asibiti a Abuja.

Wannan karon ba a tambaye shi komai ba. Aka kwantar da shi, aka manna masa wasu wayoyi a goshi da bayan kunne, aka ce ya rufe ido. Likitar, wata mai suna Zaituna, ta nuna min layuka suna rawa a allo. Ta ce idan saƙo ya isa gindin ƙwaƙwalwa layin zai yi tudu, ko mutum yana barci. Tana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, layi kwance, sai can sama ya yi tudu. Ta yi murmushi ta ce, “Baba, ita ƙwaƙwalwa ba ta san kara ba.”

Da aka sake saiti, Hannah ta kira shi, ya waiwaya. Ya ce muryarta kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba, amma ita ce.

A mota, tun daga Abuja har gida, bai ce min uffan ba. Sai da aka yi wata biyu ya fara amsa gaisuwata.

Yanzu yana nan a rumfarsa. Yana ji, sai dai masu kawo faci ba su dawo ba. Hannah tana kira ranar Lahadi. Sauran kwanakin ni ne, kuma ni ba mai yawan magana ba ne.